Ta ina za ka fara kallon tsofaffin finafinai: marasa magana, Hollywood ko Indiya?

Duk wanda ya ƙudiri aniyar sanin tarihin silima ta hanyar kallo, abin da zai fara kashe masa gwiwa shi ne yawan finafinan. Tun 1895 ake wannan sana'a, kuma jerin sunayen finafinan da aka ce wajibi ne kowa ya gani sun cika intanet, wannan ya lissafo ɗari, wancan ya lissafo dubu. Ga tsadar data, ga halin wutar lantarki, ga hidimar yau da gobe. Dole mutum ya zaɓi inda zai fara sa ƙafa, kuma wurin da ya fara shi yakan yanke ko zai ɗore, ko zai watsar bayan mako biyu ya koma kallon abin da ya saba.

Hanyoyi uku ne suka fi kusa da mai kallo Bahaushe. Akwai ta tushe, wato finafinan da aka yi kafin sauti ya shigo, daga 1895 zuwa ƙarshen shekarun 1920. Akwai Hollywood ta zamanin manyan kamfanoni, daga 1930 zuwa wajen 1960, wadda yawancin masu ba da shawara suke turo mutum cikinta. Sai kuma tsofaffin finafinan Indiya na shekarun 1950 zuwa 1970, waɗanda iyaye da kakanni suka kalla a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos. Kowace da abin da take koyarwa, da abin da take ci a aljihu da lokaci, da kuma abin da take ɓoye wa mai binta.

Finafinai marasa magana

Ranar 28 ga Disamba, 1895, wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka karɓi kuɗin shiga a wani ɗaki na Grand Café da ke birnin Paris, suka nuna gajerun finafinai goma, kowane bai kai minti ɗaya ba. Ɗaya daga ciki ma'aikata ne kawai suke fitowa daga masana'anta. Kyamara a kafe take wuri guda, babu labari, babu jarumi. Shekara bakwai bayan nan, a 1902, Georges Méliès, wanda asalin sana'arsa wasan rufa-ido ce, ya yi fim ɗin tafiya duniyar wata, inda kumbo ya je ya soki wata a ido. A 1903 Edwin S. Porter ya yi The Great Train Robbery a Amurka, fashi a jirgin ƙasa da bin sawun 'yan fashin, cikin kimanin minti 12. Za ka iya kallon waɗannan duka a zama ɗaya, ka tashi ka ga da idonka yadda aka taso daga ɗaukar abin da ke wucewa a titi zuwa ƙirƙirar labari.

Wannan ita ce babbar falalar hanyar. Kana ganin kowace dabara a lokacin da aka ƙago ta, ita kaɗai, ba ta cakuɗe da wasu ba. Matso da kyamara kusa da fuska, tsallakawa daga wannan wuri zuwa wancan a dawo don a nuna abu biyu na faruwa lokaci guda, amfani da inuwa don sa tsoro: yau ko yaro mai haɗa bidiyo a waya yana yin su ba tare da tunani ba, amma akwai ranar da babu su. Jamusawa a The Cabinet of Dr. Caligari na 1920 da fenti suka zana inuwa a jikin bango, suka karkace ƙofofi da tagogi, don mai kallo ya ji yana cikin kan mahaukaci. 'Yan Tarayyar Sobiyet kuwa kan tacewa suka dage, wato yanka hotuna da jera su. A Battleship Potemkin na Sergei Eisenstein, 1925, akwai fitowar matakalar birnin Odessa da makarantun koyon fim suka saba nunawa. Takalman sojoji suna saukowa a jere, sai fuskar mace, sai jama'a na gudu, sai takalman kuma, sai keken jariri ya suɓuce yana gangarowa mataki bayan mataki. In ka tsayar da hoton ka dubi kowane yanki shi kaɗai, ba wani abin tashin hankali mai yawa a cikinsa. Jera su da aka yi, da saurin da aka yanka su, shi ke sa gabanka faɗuwa. Wanda ya kalli wannan fitowa sau biyu da natsuwa ya fahimci aikin mai tace fim fiye da wanda aka yi wa doguwar lacca.

Ga wanda Turancinsa bai nuna ba, babu hanyar da ta kai wannan sauƙi. Ɗan rubutu ne ke fitowa jefi-jefi tsakanin hotuna, kuma a finafinan barkwanci ko ba ka karanta shi ba labari ba zai ɓace maka ba. Charlie Chaplin a The Gold Rush na 1925 yunwa ta sa ya dafa takalminsa, ya zauna da cokali da wuƙa yana ci cikin yanga, yana naɗe igiyar takalmin kamar taliya. Buster Keaton a Steamboat Bill, Jr. na 1928 yana tsaye bangon gaban gida ya rufto masa gaba ɗaya, ya tsira don kawai tagar da ke buɗe ta faɗo daidai inda yake. Bango ne na gaske, ba haɗin kwamfuta ba. Sa wa yara wannan ka gani ko za su nemi fassara.

Ta fuskar kuɗi ma ita ce mafi araha. A dokar Amurka haƙƙin mallakar fim na wancan zamani yana ƙarewa bayan shekara 95, don haka duk abin da aka fitar kafin 1930 ya zama na kowa. Suna nan kyauta a YouTube da Internet Archive, kuma da yawansu gajeru ne. Sherlock Jr. na Keaton minti 45 ne.

Matsalolinta kuma ba ƙanana ba ne. Ta farko, kwafi marasa kyau sun fi masu kyau yawa. An ɗauki yawancin finafinan da hotuna kimanin 16 zuwa 18 a cikin daƙiƙa guda, da sauti ya zo aka tsayar da 24, to in aka juya tsohon fim da sabon sauri sai ka ga mutane suna ta zabura kamar an tsikare su. Ba haka masu kallon farko suka gan su ba. Kuma ba a cikin shiru suka kalla ba, akwai mai kaɗa fiyano ko ƙungiyar makaɗa a gaban allo, saboda haka kwafin da aka liƙa wa kiɗan da bai dace ba yana kashe fim ɗin. Nemi wanda aka rubuta an gyara shi. Ta biyu, abin da ya rage kaɗan ne. Rahoton da ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace baki ɗaya, domin zaren fim na lokacin yana ruɓewa, yana kuma kama wuta cikin sauƙi, kamfanoni ma ba su ga amfanin ajiye su ba. Ta uku, za ka haɗu da ƙazantar zamanin. The Birth of a Nation na D. W. Griffith, 1915, duk littafin tarihin fim yana ambatonsa saboda dabarunsa, amma sa'a uku ce ta cin mutuncin baƙar fata da yabon ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, wadda ta sake farfaɗowa a shekarar da ya fito. Ni dai ban ga dalilin da mafari zai ƙona datarsa a kansa ba. Karanta labarinsa ya isa.

Babban haɗarin kuwa gajiya ce. Mai cewa sai ya bi shekara bayan shekara daga 1895, da wuya ya ga 1930.

Hollywood

Da The Jazz Singer ya fito a watan Oktoba na 1927 da waƙoƙi da 'yar magana, cikin shekara biyu zuwa uku masana'antar Amurka ta juya gaba ɗaya. Kamfanoni biyar, MGM da Paramount da Warner Bros. da Fox da RKO, su ke da wurin ɗaukar fim, su ke da 'yan wasa a kan kwantiragi na shekaru, su ke da gidajen silimar da za a nuna. Haka aka tafi har 1948, lokacin da kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin da ya tilasta musu rabuwa da gidajen silimar. A wannan tsari aka goge salon ba da labari da kusan duk duniya take bi yau: a fara nuna wuri daga nesa, a matso, a nuna mai magana, a juya ga mai sauraro, a yanka yadda ba za ka ma lura an yanka ba. Duk fim ɗin Kannywood da ka gani mutum biyu suna hira a falo, wannan tsarin yake bi, ko daraktan ya san asalinsa ko bai sani ba.

Abin da zai ba mai kallo daga arewa sha'awa shi ne yadda suka yi aiki ƙarƙashin takunkumi. Daga 1934 aka fara aiwatar da dokokin tace finafinai da ake kira da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin fim na lokacin, da gaske. Ba tsiraici, ba doguwar sumba, ba a yi wa malaman addini ba'a, mai laifi kuma dole ya ga sakayya kafin fim ya ƙare. Sai marubuta suka koyi faɗin abu a kaikaice, da kallo, da rufe ƙofa, da zaurance. A Casablanca na 1942 matar ta bi mijinta ta hau jirgi ta bar masoyinta, kuma wannan ƙarshen da ya dace da dokar shi ne abin da mutane suka fi tunawa da fim ɗin. Mai shirya fim da ke kai aikinsa gaban hukumar tace finafinai ta Kano zai ƙaru da ganin yadda wasu suka yi fice cikin ƙunci irin wannan. Sai a 1968 aka maye gurbin dokokin da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo.

Citizen Kane na 1941, wanda Orson Welles ya yi yana ɗan shekara 25, shi ake fara miƙa wa kowa. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masana wane fim ya fi kowane duk bayan shekara goma tun 1952, kuma shi ya riƙe matsayi na ɗaya daga 1962 har 2002. Akwai fitowa a cikinsa da ta cancanci a tsaya a kai. Uwa tana zaune a gaba tana sa hannu a takardar da za ta miƙa ɗanta ga wani ma'aikacin banki, uban yana tsaye a tsakiya yana ƙorafin da ba mai saurara, can ta taga kuma yaron yana wasa cikin dusar ƙanƙara bai san ana yanke rayuwarsa ba. Duka ukun sun fito tar a hoto guda, na kusa da na nesa, aikin mai ɗaukar hoto Gregg Toland. Amma fa wanda bai ga finafinan shekarun 1930 ba, ba zai gane abin da ya zama sabo a nan ba. Zai ga labarin wani attajiri mai gidan jarida ne kawai, ya yi hamma. Da yawa daga nan suke yanke hukuncin cewa tsofaffin finafinai ba daɗi.

Wannan hanya ta fi kowace tsada ta fuskar harshe. Da sauti ya zo sai Hollywood ta kamu da son magana, kuma Turancin Amurka ne na shekara 80 da suka wuce, mai sauri, cike da habaici. A His Girl Friday na 1940 'yan wasa suna magana a kan maganar juna, ko fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto da ƙyar take cim musu. Yawancin finafinan kuma har yanzu suna da masu su, sai ka biya a manhajojin kallo, waɗanda ba duka suke aiki a ƙasashenmu ba. Mafita ɗaya ita ce finafinan kaboyi, inda doki da bindiga da fili suke rabin maganar, irin Stagecoach na John Ford, 1939, da High Noon na 1952. Alfred Hitchcock ma yana da sauƙin bi, domin ya taso ne a zamanin marasa magana bai kuma yar da darasin ba. A Rear Window na 1954 mutum ne da karyayyar ƙafa yana leƙen maƙwabta ta taga, kai ma kana leƙe tare da shi. Tsawon finafinan kam daidai ne, yawanci minti 90 zuwa sa'a biyu.

Sai ka shirya ganin yadda suka ɗauki Afirka: daji, namun dawa, 'yan dako marasa suna a bayan Bature, kamar a finafinan Tarzan da suka yi tashe daga 1932. Ingila ma ba ta tsira ba. Sanders of the River na 1935 labarinsa a Najeriya aka kafa shi, kuma Paul Robeson da ya fito a ciki ya nesanta kansa da shi da ya ga yadda aka mayar da fim ɗin yabon mulkin mallaka.

Indiya

Nan ba baƙon wuri ba ne. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Lebanawa masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya arewa, jama'a suka karɓe su har suka raɗa wa jarumai sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Labarin auren dole, da ɗan talaka mai son 'yar mai kuɗi, da uwa mai haƙuri, da rawa da waƙa a tsakiyar labari, duk mai kallon Kannywood ya san su. Don haka ba sai ka koyi sabon ɗanɗano ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shi zai zaunar da kai har ƙarshen fim na goma.

Tarihin ma doguwa ce tafiyarsa. Dadasaheb Phalke ya yi Raja Harishchandra a 1913, lokacin da mata ba sa yarda su fito, namiji ne ya fito a matsayin sarauniya. Fim na farko mai magana, Alam Ara na 1931, ya zo da waƙoƙi bakwai, kuma ya ɓace, ba kwafinsa ko ɗaya. Daga tsakiyar shekarun 1930 aka fara tsarin da mawaƙi zai rera a ɗakin ɗaukar sauti jarumi kuma ya motsa baki a gaban kyamara, tsarin da ya ɗaukaka Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, shi ne kuma Kannywood ta gada kai tsaye.

Shekarun 1950 su ne cibiya. Mother India na Mehboob Khan, 1957, labarin Radha ne, matar ƙauye da bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye mata gona da miji, ta yi noma da ƙarfinta ta raini 'ya'yanta, a ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya sace 'yar mutane. Nargis ce ta fito a Radha, kuma fim ɗin ya shiga takarar Oscar. A shekarar ce Guru Dutt ya yi Pyaasa, labarin mawaƙin da duniya ta ƙi sai da aka zaci ya mutu. Shi da mai ɗaukar hotonsa V. K. Murthy sun yi da haske da duhu abin da zai iya tsayawa kusa da duk wani aikin Hollywood na lokacin. A Kaagaz Ke Phool na 1959 akwai inda haske ya ratso ta rufin wani katafaren ɗakin ɗaukar fim ya sauko tsakanin mutum biyu da ke son juna ba halin su faɗa, kowa yana tsaye cikin duhunsa. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa, Guru Dutt bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba. Mughal-e-Azam na K. Asif, 1960, da Dilip Kumar da Madhubala, yana nuna abin da kuɗi da shekarun aiki za su iya ginawa. An sa masa launi a 2004, amma in ka samu na asali, wanda yawancinsa baƙi da fari ne, shi za ka kalla.

Abin da ya sa na fi karkata ga wannan hanya shi ne ba ta tsaya a Indiya ba, kowane babban fim nata yana nuna maka wani can waje. Raj Kapoor a Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955, da 'yar hularsa da tafiyarsa da wandonsa da ya ɗage, Chaplin ne ya koma Bombay (Mumbai ta yau, cibiyar finafinan Hindi), kuma Awaara ya yi farin jini har Tarayyar Sobiyet da Turkiyya da Sin. Bimal Roy ya ga Bicycle Thieves na Vittorio De Sica, fim ɗin Italiya na 1948 game da talakan da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi, sai ya yi Do Bigha Zamin a 1953, manomin da ya tafi Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafa don ya fanshi gonarsa. Sholay na 1975, wanda ba sai an gabatar wa Bahaushe da shi ba, ƙashin bayansa na Seven Samurai ne na Akira Kurosawa, 1954, ƙauyen da 'yan fashi suka addaba aka ɗauko mayaƙa su kare shi, salon ɗaukarsa kuma na finafinan kaboyin Sergio Leone na Italiya ne. Ka ga daga finafinai huɗu ka isa Amurka ta zamanin marasa magana, ka isa Italiya bayan yaƙin duniya na biyu, ka isa Japan, kuma kowane ka je masa da tambaya a ranka, ba don wani jeri ya umarce ka ba.

Tsadarta lokaci ne da data. Mother India ya kusa sa'a uku, Mughal-e-Azam da Sholay sun haura. Kamfanonin da suka mallaki haƙƙin da yawa daga cikinsu sun ɗora su kyauta a YouTube, sai dai wani kwafin an datse shi, wani an cika shi da tambari, wani ba fassara. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa sun fi mayar da hankali kan sababbi, kuma salon nasu na ƙara barkwanci da karin maganar gari, duk da daɗinsa, yana rufe muryar ɗan wasa da sautin asali, waɗanda su ma cikin abin da kake son nazari suke. Sannan sabo yana da illarsa. Da yake ka san irin labarin, sai ka shagala da ko jarumi zai auri jaruma, ka manta da duba inda aka ajiye kyamara. Kuma Bombay ba ita ce Indiya duka ba. Satyajit Ray ya yi Pather Panchali a 1955 da harshen Bengali, ba rawa ba bos, yara biyu ne a ƙauye da talauci da jirgin ƙasa da ke wucewa can bayan gonaki. Shi ma Bicycle Thieves ya gani a Landan a 1950 ya dawo gida da niyyar yin fim.

To wace za a ɗauka?

Ya danganta da abin da ya kawo ka. Mai son ya riƙe kyamara ko ya zauna gaban kwamfuta yana tace fim, marasa magana ne makarantarsa, kuma ya daɗe a cikinsu, domin su za su raba shi da ciwon da ya fi damun finafinanmu, wato a zaunar da mutane a kujera su faɗi labarin da baki. Marubucin labari mai ƙarfin Turanci zai fi ƙaruwa da Hollywood, inda ba a barin fitowa ko ɗaya da ba ta tura labari gaba. Ɗalibin da ke nazarin Kannywood ko adabin kasuwar Kano ba shi da zaɓi, Indiya ce, don ba zai gane abin da aka aro da abin da aka sauya ba sai ya ga asalin. Wanda datarsa ƙididdigaggiya ce ya fara da gajerun marasa magana.

Ga mai kallo kawai, wanda ke son ya san yadda abin ya faro ba tare da ya mayar da shi jarrabawa ba, shawarata ita ce ya ba marasa magana ɗan lokaci kaɗan: Lumière, Méliès, Chaplin guda, Keaton guda, da matakalar Odessa. Wannan ya isa ya buɗe masa ido. Daga nan ya zauna a Indiya ta shekarun 1950 ya yi ta zama, duk inda fim ya nuna masa waje ya bi ya dawo. Hollywood ta zo ta uku, ya shige ta ta kaboyi da Hitchcock, ya ajiye Citizen Kane sai ya ga finafinan shekarun 1930 ko da biyar ne.

Za a ce ina Afirka? Ban sa ta cikin ukun ba don samun finafinanta yana da wuya, ba don ba ta kai ba. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, wata doka ta 1934 ta sa ba a ɗaukar fim sai da izinin hukuma, abin da ya toshe wa 'yan ƙasa hanya har kusan samun 'yanci. Ousmane Sembène na Senegal ya yi Borom Sarret a 1963, kimanin minti 20, yini guda a rayuwar mai keken doki a Dakar. Maƙwabciyarmu Nijar tana sahun gaba a wannan tarihi. Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, wani ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye, wato fim ne a kan abin da kallon kaboyi ya yi wa samari. Oumarou Ganda, wanda ya fara a matsayin ɗan wasa a Moi, un noir na Jean Rouch a 1958, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Da Hausa kuwa akwai Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka daɗe ana zaton ya ɓace kafin a gano shi a gyara a nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Shekara 14 ya girmi Turmin Danya na 1990 da ake fara ƙirga finafinan bidiyo na Hausa daga kansa. Duk wanda ka ci karo da shi cikin waɗannan, ajiye tsarin da kake bi ka kalle shi a ranar, domin ba lallai ka sake samunsa ba.

Abu na ƙarshe da zai iya sauya lissafin shi ne allon da kake da shi. Finafinan da aka yi kafin 1953 hotonsu kusan murabba'i ne, fuskoki manya, suna zama lafiya a waya. Daga wannan shekara Hollywood ta fara faɗaɗa allo don ta yi gogayya da talabijin, Indiya ta biyo baya da Kaagaz Ke Phool. Irin waɗannan masu faɗi, har da Sholay da finafinan Leone, a waya mahayin doki da ke tahowa daga nesa ɗigo ne kawai, wasu masu ɗorawa kuma suna yanke gefe da gefe don hoton ya cika allo. In waya ce kaɗai gare ka, tsaya a kan na kafin 1953 da na Indiya baƙi da fari ban da Kaagaz Ke Phool, ka bar masu faɗin sai ranar da ka samu talabijin.